Turmin Gwaggo Laraba a Situdiyo

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Gwaggo Laraba ya roƙi ta yi masa waƙa, ya san tambayar da za ta jefa masa tun ba su gama gaisawa ba: ya zo da hatsi? In bai zo da shi ba, to sai dai ya sha ruwa ya kama hanya, don Gwaggo ba ta waƙa sai tana daka, kuma ba ta dakan turmi wayam. Ku 'yan zumuntar mata da kuka yi zamani da ita kun fi kowa sani. Sau nawa fasto zai ce ta taso ta ba mu waƙa ɗaya a tsakiyar sujada, ita kuma ta tsaya tana waige-waige, sai an aika an mirgino mata turminta daga gida? Har dai aka gaji aka saya mata wani aka ajiye a bayan coci. Shi ma ta buga shi sau biyu ta ce muryarsa ba ta yi mata ba, wai itacen bai ƙosa ba aka sare shi.

Ni ce Rifkatu, 'yar ƙaninta. Ni ce mai taɓarya ta biyu, ni ce kuma babbar 'yar amshinta, tun ina budurwa har na aurar da 'ya. Saboda haka in na ce matar nan ta ba ni wahala, kada wanda ya ce mini a riƙa yi wa mamaci kara. Ta ba ni wahala, kuma ba ni da abin alfahari a duniya da ya wuce a ce ni jininta ce.

Ita fa a wurinta kowace waƙa da irin dakanta. Waƙoƙin shan wuyar Yesu, da surfe ake yin su, gero jiƙaƙƙe, bugu mai nauyi a hankali. Na Kirsimeti kuwa lugude ne, mata uku a turmi ɗaya, ana cilla taɓarya sama ana tafi. In ka kawo mata dawa ka ce ta yi maka waƙar gero, sai ta dube ka sama da ƙasa ta tambaye ka ɗan gidan wa ne kai.

Karin waƙoƙin ba nata ba ne, na uwarta ne, kakarmu, wadda ta yi ta rera su a bakin turmi tun kafin gidanmu ya rabu biyu, wasu suka nufi coci wasu suka nufi masallaci. Gwaggo ta kwashe tsofaffin kalmomin ta zuba na bishara a ciki. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa rubuta baƙi ɗaya ba, komai a kanta yake. A cikinsu kuma akwai waɗanda take kira na Inna, wato na uwar tata, su ne mafi tsufa, su ne mafi wuya, masu hawa can sama su sauko. Waɗannan ba ta yin su a coci, ba ta yarda a ɗauke su a na'ura. In aka matsa mata sai ta ce ba su nuna ba tukuna. Sai dai da safe in tana dakan gida ka jiyo ta tana yin su ƙasa-ƙasa. Ga shi kuma ba ta taɓa barin kowa ya ja waƙa ita ta yi amshi ba, ko da wasa. Shi ya sa shekara da shekaru abu ɗaya ke cin raina: ran da matar nan ta faɗi, waƙoƙin kakarmu su bi ta rami.

Kasetinta na farko a tsakar gidanmu aka yi shi, can ƙauyenmu na bayan Garo, da rediyon mijinta marigayi Baba Iliya. Aka ɗora rediyon a kan kujera 'yar tsugunno, aka kore kaji, aka ce yara kowa ya kama bakinsa. Mun yi nisa, muna daidai wurin da Yesu ke shiga Urushalima a kan jaki, sai jakin maƙwabcinmu Malam Audu ya ware murya daga bayan danga. Ku dai bari! Sai da ya yi mai isarsa sannan ya yi shiru. Ni dariya ta sa na saki taɓarya, amma Gwaggo ko gezau, ta kai waƙarta ƙarshe. Baba Iliya ya miƙa hannu zai mayar da kaset baya a sake, ta buge hannun.

"Bar shi," in ji ta. "Ya ji an ambaci kakansa ne, ya amsa. Da ku kuna amshi da zuciya ɗaya kamarsa, da tuni mun wuce nan."

Haka kaset ɗin ya fita da jakin a ciki. Har yau dattawa in suna zancensa, mai jaki suke ce masa.

Sayar da shi kuma wani labarin ne. Gwaggo ba ta yarda ta sayi sabon kaset ba, wai almubazzaranci ne. Gida-gida take bi tana karɓar tsofaffi, a ɗora nata a kai. Sai ka sayi kaset, kana cikin jin daɗin waƙar tashin matattu, tana ƙarewa ka ji ragowar waƙar Indiya ta ɓullo. Wani ɗan Unguwar Tudu ya taɓa dawo mata da nasa yana ƙorafi, ta ce masa ai wannan gyara ce, ko wurin mai ƙosai ana ba shi gyara ya mayar? A ƙarƙashin daddawar da take sayarwa take jera su a kwando, ta ci kasuwar Gwarzo ta ci ta Kabo. Kasetin Gwaggo ko a cikin duhu ka shinshina ka san nata ne.

Da zamani ya juya aka daina yayin kaset, 'yan coci suka yi ta zuga ta wai ta je Kano ta yi faifai irin na manyan mawaƙa. Ta ce to. Ni na zaci mu biyu za mu. Da na iso tasha sai na tarar da ita tsaye da turminta na ƙirya, da taɓare biyu, da ƙullin gero. Direba ya ce a ɗaure turmin a saman mota, ta ce rana za ta tsaga shi. Ya ce a sa a but, ta ce ba za a haɗa mata shi da jarkar fetur ba. Ya ce to ta kama masa kujera, ta ce ai ga cinyar Rifkatu nan ba abin da take yi. Jama'a, a cinyata turmin nan ya je Kano. Duk ramin da motar ta faɗa, haɓata ce ke gaisawa da bakinsa.

Muka isa situdiyon a Sabon Gari, mai wurin ya leƙo ya ga kayanmu, ya ce ai su nan ba a shiga da turmi, suna da fiyano mai yin kowane irin kiɗa. Gwaggo ko zama ba ta yi ba. Ta yi masa sannu da aiki, ta ce mini ɗauki mu je. Turmin ya sake hawa cinyata har gida. Na daɗe ban taka gidanta ba bayan wannan, ita kuma ta bi gari tana cewa Rifkatu ta yi fushi don ba a saya mata burodin Kano ba.

Allah da ikonsa, sai ga Nazifi. Wani matashi ne Musulmi da ya buɗe ɗan situdiyo kusa da tasha a Gwarzo, yana ɗaukar masu bege da masu waƙar biki. Sabon buɗewa ne, yana neman masu zuwa ido rufe, ko raƙumi ka ce za ka shigo da shi zai ce bismilla. Ya tarbe mu da ladabi, Inna sannu, Inna ga wuri. Aka shigar da turmi ɗan ɗakin nan da aka manne bangonsa da soso. Da ya ji bugun farko ta abin da yake sawa a kunne, sai da ya zabura ya cire shi. Sannan ya kawo shawara, shi a ganinsa taimako ne: Inna ta buga sau ɗaya kawai, ya ɗauka, kwamfuta ta yi ta maimaitawa, ita ta huta ta yi waƙarta a zaune.

Gwaggo ta jingine taɓarya ta tambaye shi ko bugun kwamfutar yana fitar da gari. Ya ce a'a.

"To bugun da bai fitar da gari ba ƙarya ne, ɗan nan. Ni kuwa ba na ɗora sunan Ubangiji a kan ƙarya."

Nazifi ya sosa ƙeya ya ce shi kenan, a yi yadda Inna ta ce. Bai san abin da ya ɗauko wa kansa ba. Ku kun san masu situdiyo da son cewa a sake. To a wurin Gwaggo, a sake yana nufin a juye wannan a zubo sabon hatsi, don geron da ya riga ya daku muryarsa ta canja, ba za ta ɗora farkon waƙa a kan ƙarshen daka ba. Kafin azahar geronmu ya ƙare. Nazifi ya aika gidansu aka ɗebo na mahaifiyarsa, Hajiya. Can kuma Gwaggo ta ce waƙa ta gaba da sussuka ake yin ta, sai an samo zangarniya. Aka samo. Ga fanka tana juyawa. Ƙaiƙayi ya tashi ya cika ɗakin, ya shige soson bango, ya shige rigar Nazifi. Yaron kirki, hannu ɗaya a kan na'ura, ɗaya yana susa, idonsa jawur, amma bai tsayar da mu ba. Tun daga ranar ya rage cewa a sake, sai in abin ya ɓaci ƙwarai.

Da yamma aka mayar wa Hajiya hatsinta, surfaffe, dakakke, tankaɗaɗɗe. Ta tuƙa tuwo, maigidanta ya ce rabonsa da tuwo mai daɗin wannan tun kafin injin niƙa ya shigo gari. Shi kenan fa. Daga nan Hajiya ta riƙa aiko tambaya, yaushe Laraba za ta sake yin faifai, ga gero nan an auna. Gwaggo kuwa duk inda ta zauna sai ta ce ita ba ta da ubangida a harkar waƙa, ba ta da kamfani, ita da Hajiya ne suke yi, Hajiya da geronta ita da maƙogwaronta. Faya-fayen nan sun yi tafiya. Na ji su a motar haya, na ji su a wayar masu tura waƙa a kasuwa, wata 'yar'uwarmu ta ce ta ji su a wani coci can Jos. Ko matan gidan baffanninmu Musulmi, in suna daka za ka ji suna bin karin da hanci, kalmomin ne kawai suke tsallakewa. Gwaggo ta ce su yi ta yi, ai kakarsu ce su ma.

Da sunanta ya fito, wata shekarar zaɓe sai ga wani ɗan takara da motoci har ƙofar gida. Ba zan kama suna ba, da yawa a cikinku kun ba shi ƙuri'a. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce zai kai ta babban situdiyo a Abuja, a yi mata har da bidiyo, ita dai ta ɗan saka sunansa a waƙa ɗaya. Ni da na san halinta, na zaci tsintsiya za ta ɗauko. Sai na ga ta washe baki, ta ce ai wannan mai sauƙi ne, akwai waƙar da take da gurbin suna. Ta ce in zubo gero. Ta ɗauki taɓarya ta kama waƙar ɓataccen ɗa, wanda ya karɓi dukiyar gidansu ya je ya cinye, ya dawo tsumma a jiki yana neman gafara. Duk inda ɗan ya fito sai ta sa sunan mutumin nan. Abin haushi kuma sunan ya zauna daram, kari bai karye ba ko kaɗan. Ni kuma ga ni dole in yi amshi.

Da ta kai aya ta dube shi ta ce, "Ya yi, ko in ƙara wurin da yake kiwon aladu?"

Ya ce Mama ya isa, Allah ya saka da alheri, suna da taro a Kabo. Har suka tayar da mota 'yan rakiyarsa ba wanda ya yarda ya haɗa ido da wani.

To duk wannan abin da ake, na Inna suna nan a kanta ba a ɗauka ba. Nazifi ya roƙa, fasto ya roƙa, ni na roƙa har na gaji. Kullum amsa ɗaya, ba su nuna ba. Sai wata damina tari ya kama ta. Muka ce mura ce. Damina ta wuce, tari bai wuce ba, murya ta fara dushewa. Muka kai ta asibiti a Kano, likita ya duba maƙogwaron ya kira ni gefe ya yi mini bayanin da ban so ji ba. Ita kuma ya ce mata ta daina waƙa ta huta. A hanyar dawowa ta ce mini likitan nan yaro ne, bai san komai ba.

Ni dai ranar haƙurina ya ƙare. Muna isa gida na rufe ƙofa na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa ba. Na ce ta yi ta cewa ba su nuna ba, ga shi sun nuna har za su ruɓe a hannunta. Na ce waƙoƙin nan ba nata ba ne ita kaɗai, amana ce uwarta ta bar mata, in ta tafi da su me za ta ce mata? Ina faɗa ina kuka, don tsoro nake ji, tsoron rasa ta da tsoron rasa su. Ta wurgo mini ludayi, ta juya mini baya.

Sai da sabon gero ya shigo gida sannan ta aiko a kira ni. Na same ta ta rame, maganarta sai ka matso kake ji. Ta ce in gaya wa Nazifi ya zo da kayansa, ita ba za ta iya hawa mota ba. Washegari da hantsi sai ga shi da na'urarsa da ɗan janareta a bayan babur, da ƙullin gero daga Hajiya. Ya kafa makirfo a tsakar gida. Gwaggo ta ɗaura zani a ƙirji, ta kama taɓarya, hannun nan kuwa yana nan da ƙarfinsa.

Ta fara. Baitin farko ya fita, a dishe amma ya fita. Da ta zo wurin hawan nan, muryar ta tsinke. Ita da kanta ta ce a sake. Na juye, na zubo sabo. Ta sake kamawa, ta sake zuwa wurin, ya sake ƙi. Tari ya turnuƙe ta har sai da ta dafa bakin turmi. Nazifi ya ce a hankali ko Inna za ta huta a bari sai wani lokaci. Ta girgiza kai, don ita ma ta san babu wani lokacin.

Ta kalli cikin turmin. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ke, ja."

Na ce Gwaggo ai ban iya su ba.

"Ƙarya kike. Tun kina yarinya nake ganin bakinki yana motsi in ina yin su. Ja, ni zan riƙe miki daka."

Na matsa gaban makirfo. Ta buga, na shiga. Allah ya sani ban san suna cikina haka ba. Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta fitowa, inda na manta kalma ta raɗa mini, inda na yi sauri ta ja ni baya da taɓarya. Da na zo wurin hawan na rufe ido na hau, na sauko lafiya. A wurin amshi kuwa, in kun kasa kunne a faifan, za ku ji wata 'yar murya a dishe can ƙasa. Gwaggo Laraba ce take yi wa wani amshi, karo na farko a rayuwarta.

Da muka gama Nazifi ya sa mata abin ji a kunne. Ta zauna a tabarma ta saurara tun daga farko har ƙarshe ba ta motsa ba. Ni ina tsaye ina jiran faɗa, don na san wurare biyu da na yi kuskure. Ta cire abin ta miƙa masa.

"A kan faifan, sunan Rifkatu za ka sa."

Ya ce to Inna fa, ina za a sa nata?

"Ni ka sa ni cikin masu daka."

Nazifi ya sunkuyar da kai ya yi ta naɗe wayar da ya riga ya naɗe. Ni kuma na shige ɗaki, don ba na so ta ga fuskata ta samu abin tsokana.

Ba ta ga Kirsimetin shekarar ba. Amma faifan ya fito tana da rai, ta riƙe shi a hannunta, ta sa aka karanta mata abin da ke jiki don ta tabbatar an bi maganarta. Yanzu 'yan matan cocinmu suna koyon na Inna, kuma ina barinsu su ja, ko da sun ɓata, ko da raina yana tafasa.

Ya Ubangiji, ka ba baiwarka Laraba hutu a wurinka. Ka mayar mata da muryarta a can, don a nan ba ta tafi da komai ba, ta bar mana duka. Ka sa wa Nazifi da Hajiya albarka a gidansu. Ni kuma ka ba ni numfashin riƙe abin da ta damƙa mini, ka ba ni zuciyar miƙa shi tun ina da sauran murya. Amin.